Daga kwatar Kaduna zuwa teku: haɗa aikin fasaha da sharar roba

Tambaya: Wata malamar zane a wata makarantar sakandare da ke Kaduna ta rubuto cewa an ba ta aikin shirya baje kolin ɗalibai don Ranar Tekuna ta Duniya, 8 ga Yuni, kuma ana son babban aikin hannu guda ɗaya da zai yi magana kan gurɓatar teku. Ta ce yawancin ɗalibanta ba su taɓa ganin teku ba, kuma wancan karon da suka manna gororin ruwa da gam, kafin mako biyu duk sun zube. Tana son sanin me ya kamata su ƙera, da wane kaya, da kuma yadda zai daɗe.

Amsa: Malama, barka da ƙoƙari. Nisan Kaduna da teku bai kamata ya dame ki ba, domin shi ne ma abin da aikin zai faɗa. Kogin da ya ratsa garin nan ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550, ya bi ta Shiroro da Zungeru, ya faɗa Kogin Neja daura da Pategi. Neja kuwa ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, ya gangara Neja Delta, ya juye a Tekun Atilantika. Ke nan kwatar da ke ƙofar makarantarku reshe ce ta wannan doguwar hanya. Yaron da bai taɓa ganin teku ba ya san kwata, ya san yadda take cika da leda a ruwan farko, ya kuma san inda take nufa. Daga nan za ki kama shi.

Amma a faɗa wa yara gaskiya yadda take. Ba kowace gora da aka jefar a Tudun Wada ce ke isa teku ba. Da yawa suna maƙalewa a ciyayin gaɓa, wasu yashi ya binne su, wasu su taru a bayan madatsun Shiroro da Zungeru. Abin da ya fi wucewa shi ne ɓurɓushi, wato robar da rana ta cinye ta farfashe, wadda masana ke kira ƙananan roba idan ba ta kai milimita 5 ba. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya ƙiyasta cewa tan miliyan 4.8 zuwa 12.7 na roba ne suka shiga teku daga doron ƙasa a shekarar 2010 kaɗai. Wani na 2017 ya saka Neja cikin koguna goma da suka fi kai roba teku, sai kuma na 2021 ya ce nauyin ya fi bazuwa a kan koguna fiye da dubu, akasarinsu ƙanana da ke ratsa biranen gaɓa. Masana na ja-in-ja a kan adadi, ba a kan hanyar ba.

Kafin a zo kan kaya, dubi yadda waɗanda suka yi fice a wannan fanni suka yi. El Anatsui, ɗan Ghana da ya shafe shekaru yana koyarwa a Jami'ar Nsukka tun 1975, yana haɗa dubban marafan kwalba na alminiyam da wayar tagulla har su zama kamar ƙaton zane mai lanƙwasa. Serge Attukwei Clottey na Accra yana yanka jarkoki masu ruwan ɗorawa, irin waɗanda ake ɗibar ruwa da su, ya ɗinke su da waya. A Lamu ta ƙasar Kenya, maƙera jirgin ruwa sun haɗa jirgi mai suna Flipflopi da kimanin tan 10 na sharar roba, suka lulluɓe shi da tsofaffin silifas kusan 30,000, ya yi tafiya zuwa Zanzibar a farkon 2019. A jihar Oregon ta Amurka akwai shirin Washed Ashore da Angela Haseltine Pozzi ta kafa a 2010, inda ake tsintar roba a gaɓa, a wanke, a ware ta launi-launi, a ƙera manyan halittun ruwa. Abu biyu ya haɗa su. Kowa da sharar garinsu ya yi aiki, kuma kusan duk ɗinki da waya da kusa suka dogara da su. Na biyun shi ne amsar matsalar gam ɗinki, za mu dawo kansa.

To me za ku ƙera? Shawarata, ku bar ƙaton kifin teku da kunkurun teku, waɗanda su ne kowa ke kwaikwaya daga intanet. Ba su da alaƙa da rayuwar ɗalibanki, ga shi kuma wasu iyaye da malamai a nan ba sa natsuwa da mutum-mutumin abu mai rai, kada baje koli ya koma muhawara. Ku yi taswirar kogin kanta, a tsaye, daga Kaduna har teku: faɗi mita 3.6, tsayi mita 2.4. Kaduna a sama, kogin na gangarowa yana ƙara faɗi, kashi ɗaya cikin uku na ƙasa kuma ya zama teku. Gefuna a yi musu zayyana irin ta ginin gargajiya ko ta aikin hula. Tun 1958 ɗaliban zane na Zariya, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka dage cewa a ɗauki dabarar waje a zuba ta cikin siffar gida, kuma wannan hujja ba ta tsufa ba.

Tara kaya shi ne rabin darasin, don haka kada ki sayi komai a buhu daga hannun dillali tun farko. A fara da cikin makaranta. Makaranta mai ɗalibai 600, in kowa ya sha ledar fiya wata ɗaya a rana, leda 3,000 ke nan a mako. A ajiye buhu uku a bakin kowane aji: na marafa, na ledar ruwa, na gora. Sannan a yi fita ɗaya ko biyu zuwa bakin kogi ko babbar magudana, tsakanin Janairu da Afrilu lokacin da ruwa ya ja baya. Da damina ta kankama, musamman Agusta da Satumba, babu zancen kai yara bakin Kogin Kaduna. Kowane yaro ya sa safar hannu mai kauri da takalmi rufaffe. A gaya musu tun a aji abin da ba a taɓawa: sirinji da duk kayan asibiti, kwalbar fiya-fiya, jarkar maganin ciyawa ko na ƙwari, batir, ƙunzugun jarirai. Roba na shan maganin feshi, wanki ba ya fitar da shi duka. Duk abin da aka tsinto a ƙirga shi, a auna a sikeli, a rubuta wuri da rana. Wannan littafin ƙirga zai yi amfani daga baya. In marafa ba su isa ba, sai a cike da na 'yan jari-bola ko masu shagon lemo.

Wanki hawa uku ne. A jiƙa kayan a baho da omo na awa guda, a cuɗa da buroshi, a ɗauraye. Sai a zuba su a ruwan bilic: kofi ɗaya na milimita 250 na irin Hypo ko Jik cikin lita 10 na ruwa, na minti 10 zuwa 15. Kada a haɗa bilic da wani maganin wanki, musamman na banɗaki, domin yana fitar da iska mai shaƙe numfashi. A sake ɗaurayewa, a shanya a inuwa a kan buhu har su bushe ƙarau. Ledar fiya wata dole a tsaga ta a buɗe kafin wanki, in ba haka ba ɗan ruwan da ya rage a ciki zai yi gansakuka, nan da wata guda aikin ya fara wari. Ruwan wankin a tace shi da tsohon gidan sauro kafin a zubar, domin ɓurɓushin da ke ciki shi ne ainihin abin da kuke wa'azi a kansa.

Yanzu ki koya wa yara duba gindin kowace roba. Akwai 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo: tana yankuwa da almakashi, tana da ƙyalli, amma ta fara lanƙwashewa da zarar zafi ya kai wajen digiri 70. Lamba 2 jarka ce da yawancin marafa. Lamba 4 leda ce. Lamba 5 wasu marafan ne, da bokiti da robar abinci. Lamba 3 ita ce ta bututun ruwa, kada a kusantar da ita da wuta ko kaɗan saboda hayaƙinta guba ne. Lamba 6, farar kwalin tekawe mai kumfa, a bar ta gaba ɗaya: tana marmashewa a hannu, iska ta kwashe. Jihar Legas ma ta haramta ta tun Janairun 2024.

Ga dalilin da ya sa gam ba ya riƙe roba. Robobi masu lamba 2 da 4 da 5 fatarsu kamar kakin zuma take, ruwa ma ba ya zama a kanta balle gam. Gam ya bushe a kai kamar ya kama, amma zama kawai ya yi, ana taɓawa ya ɓalle. Gam na kyandir, wanda ake narkarwa da 'yar bindigar wuta, ya fi kowanne yaudara: a ɗakin zane yana riƙewa, amma zafin Maris da Afrilu a ƙarƙashin kwano na sassauta shi, nauyin gora ya ja shi ƙasa a hankali. Sufa gulu kuwa yana barin farin tabo a kan gora, ya kuma tsage da an ɗan motsa. Ƙari a kan haka, roba na buɗewa da rana ta tsuke da dare fiye da katako ko ƙarfen da aka manna ta a kai, kullum ana ja ana saki har mannin ya gaji. Maganin shi ne a huda a ɗaure.

Firam tukuna. Ki je wurin mai walda, ko a Panteka ko a unguwa, ya haɗa miki firam uku da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu na inci ɗaya, kowanne faɗi mita 1.2, tsayi mita 2.4, da sanda biyu a gicciye a tsakiya. Kowane firam zai ci mita 9.6, ukun kusan mita 29, don haka ki sayi dogon bututu guda shida, tunda na kasuwa ba kasafai yake cika mita 6 ba. Raba shi uku yana da dalili: guda ɗaya mai faɗin mita 3.6 ba ya shiga ƙofar aji, ba ya hawa a-kori-kura. A huda gefuna don a riƙa haɗa su da noti. A shafa jan fenti mai hana tsatsa hannu biyu kafin a ɗora komai. A kan firam a shimfiɗa ragar waya mai ramuka murabba'i na rabin inci, a ja ta ta yi tsam, a ɗaure kowane santimita 15. Ragar kaji ta fi araha amma tana saki, bayan kwana kaɗan teku ya yi tumbi. Firam na katako ma yana yi in a cikin ɗaki ne, sai dai gara na iya cin sa.

Lissafin marafa mai sauƙi ne. Marfin gora faɗinsa kusan santimita 3 ne, saboda haka murabba'in mita ɗaya na cin kimanin 1,100 in an jera su sahu-sahu. Teku zai kai murabba'in mita 3, marafa 3,300 ke nan. Kogi mai tsawon mita 5 a kan taswira, a matsakaicin faɗin marafa uku, zai ci 500. A ce 4,000 duka. Ku tara 5,000, domin waɗanda suka daɗe a rana za su tsage wajen huji, wasu kuma launinsu ba zai dace ba. Nauyinsu gaba ɗaya ba zai wuce kilo 10 ba.

Kowane marfi a yi masa huji biyu a sama kamar maɓallin riga, tazarar santimita ɗaya. A kifa shi a kan guntun katako a buga da kusa mai inci biyu, ko a yi amfani da injin huji mai bakin milimita 2. Mutane na son ƙona kusa a wuta su huda, ya fi sauri, amma huji 8,000 a cikin aji hayaƙi ne mai yawa a ƙirjin yara. A yanka siririyar waya santimita 8, a lanƙwasa ta kamar ƙugiya, a zura ta hujin biyu, ta ratsa raga, wani yaro a baya ya murɗe da filaya sau uku, ya kwantar da bakin. Waya za ta kai mita 320. A nemi farar waya wadda ba ta tsatsa. Baƙar wayar ɗaure rodi da birkiloli ke amfani da ita tana tsatsa a damina ɗaya, jan ruwa ya zubo a kan shuɗin teku. Kada a murɗe har marfin ya lotsa, a bar masa ɗan wurin motsi. Yara biyu da suka saba za su ɗaura kamar 100 a awa guda. Da ɗalibai 20 masu aiki awa biyu a mako, ɗaurin kaɗai mako biyu ne zuwa uku; da tarawa da wanki da huji, ki ware mako takwas. In ana son 8 ga Yuni, a fara tun farkon Afrilu, a kuma lura da hutu da jarrabawa.

Doron ƙasa kuma da ledar fiya wata za a yi shi, a mayar da ita kamar fata. A jera leda huɗu zuwa shida a kan juna, ɓangaren rubutu na fuskantar ciki don tawada kada ta manne a takarda. A sa takardar gashin burodi ko tsaftatacciyar takarda mai kauri sama da ƙasa. Dutsen guga a matsakaicin zafi, ba tururi, ana yawo da shi ba tsayawa, daƙiƙa 15 zuwa 20, a juya a yi ɗaya gefen, a ɗora littafi mai nauyi har ta huce. Irin wannan leda na narkewa wajen digiri 110, tazarar da ke tsakanin mannewa da ƙonewa kaɗan ce. In ta yi ramuka, zafi ya yi yawa. In tana ɓarewa, bai isa ba. In ta yi ƙuraje, akwai sauran danshi. In ta ƙi kamawa sam, an cakuɗa da ledar biskit mai ƙyalli, wadda ba jinsinsu ɗaya ba. Za ta tsuke, don haka a yanka siffa bayan guga, ba kafin ba. Babba ne zai riƙe dutsen guga, a baranda ko tagogi a buɗe. Falle-fallen da aka samu a ɗinke su a jikin raga da basilla da zaren masu gyaran takalma, na sama na hawa kan na ƙasa kamar jinka.

Kada a yi wa robar fenti. Ba ya kamawa, yana ɓarewa ya zama wata sharar, kuma da an rufe ta mai kallo ya daina gane cewa marfin lemon da ya sha jiya ne. Launin da ke jikinta ya isa in an ware shi da kyau: shuɗi mai duhu, shuɗi mai haske, fari, kore. Nan ne idon malamar zane zai yi aiki. A sama, kusa da Kaduna, kogin ya zama shuɗi zalla da ɗan ja ko ɗorawa jefi-jefi. Yana wuce kowane gari baƙin launuka na ƙaruwa, bayan Lakwaja su yi rabi, a bakin teku su rinjayi shuɗin. A wurin Shiroro da Zungeru a tara su cunkus a bayan layin madatsa. A bakin Neja Delta za a iya saƙa baƙar leda a matsayin ɗanyen mai, tunda rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce gyaran wurin zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. A shimfiɗa komai a ƙasa tukuna, a hau kan tebur a duba daga nesa, a ɗauki hoto da waya, sannan a fara ɗauri. Kwance marafa 500 da aka ɗaure a gurbin da bai dace ba aiki ne mai sa yara su gudu.

Wurin kafawa, in da hali, ya zama cikin zaure ko baranda mai rufi, jingine da bango, a ɗaure saman firam da ƙugiya a jikin ginin. Farkon Yuni lokacin iskar hadari ne a Kaduna. Iska mai gudun kilomita 90 a awa na tura kowane murabba'in mita da ƙarfin kusan kilo 38. Allonku ya kai murabba'in mita 8.6, turin ya haura kilo 300. Duwatsu biyu a gindi ba za su riƙe wannan ba, kuma yara ne za su tsaya a gabansa. In dole sai a fili, a binne ƙafafu zurfin santimita 60 a kankare, a sa tokara biyu a baya, a bar wasu wurare na raga a buɗe iska ta wuce. Rana ma abokiyar gaba ce: cikin 'yan watanni leda ta fara tsagewa, ja da ɗorawa su koɗe kafin shuɗi. Duk gorar da aka sa a jikin aikin a huda gindinta, marafa kuma bakinsu ya kalli raga, domin ruwan da ya kwanta mako guda zuwa kwana goma ya isa sauro ya ƙyanƙyashe. A nisanta shi da janareta da wurin ƙona shara, fitila kuma a sa irin wadda ba ta zafi. Ƙurar hunturu na manne wa roba, tsumma mai danshi ke cire ta, busasshe ƙara jawo ta yake.

Allon bayani ya zama gajere, kuma alƙaluman da ke kansa su zama naku: marafa kaza, leda kaza, kilo kaza, an tara su daga wuri kaza cikin mako kaza. Wannan ya fi tasiri a kan iyaye fiye da miliyoyin tan da ba wanda zai iya hasko su a ransa. Maganar nan da ke yawo cewa nan da 2050 roba za ta fi kifi nauyi a teku hasashe ne daga wani rahoto na 2016, masana da dama sun soki lissafinsa, kada a rubuta ta kamar tabbas. Tambarin kamfanoni da ke jikin marafa kuwa ki tattauna da shugaban makaranta tun da wuri, ko a bar shi a fili ko a juya shi ciki.

Tun ranar da aka fara a sa ranar kwancewa, kamar ƙarshen zangon karatu ko bayan wata shida, kuma alamar lokaci ya yi ita ce in an murza ledar ta bar gari a yatsa. Tunda ba gam ba fenti, kwancewa aikin yini ɗaya ne da filaya. Marafa a buhu ɗaya, gora a wani, waya a wani, 'yan jari-bola na sayen kowanne a kan kilo in ba a cakuɗa ba. Gororin da suka rage ba a yanka ba a cika su da yashi a ajiye don gini, kamar gidan kwalabe da aka fara a Sabon Yelwa kusa da Kaduna a 2011, ko da ɗan bencin zama ne a gindin bishiya. Ledar da aka goge ita ce mai wuyar samun mai saye, don haka a yanka ta a ɗinka jakar littattafai ko mayafin allo. Firam da raga a goge su, a ƙara musu jan fenti hannu ɗaya, a jingine a sito don ajin baɗi.